Takalmin Hajiya Ba Ya Cizo

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune a gindin katangar gidan Manaja ina gyaran takalmi, kuma tagar falonsu daidai saman kaina take. Allah ya sani ban taɓa laɓewa don in ji maganar gidan ba. Maganar ce take faɗo mini a ka, ni kuwa ba zan toshe kunnena da gam ba. Saboda haka in na ce na san yadda aka yi da ƙafar Gwaggo, to na sani, har ma da hannuna a ciki.

Hajiya, matar Manaja, takalman mata take sayarwa a falonta. Ba shago, ba allo, amma motocin da suke tsayawa a ƙofar gidan sun isa su tare hanya. Takalman ba wasu na daban ba ne, irin waɗanda suka cika kasuwa ne, masu tsinin baki da doguwar dunduniya, waɗanda in mace ta sa sai ka rantse yatsa ɗaya Allah ya yi mata. Abin da yake sa mata su tsallake shaguna goma su zo nan magana ɗaya ce: takalmin Hajiya ba ya cizo. Ki saya yau ki sa yau, ki wuni a tsaye wurin taro, ki dawo gida ba bororo ba ɗingishi. In aka tambaye ta sirrin sai ta yi murmushi, ta ce fata ce mai kyau, kuma ita tana da ido wurin zaɓe.

Sirrin kuwa yana can tsakar gida yana shara.

Gwaggo ƙanwar Manaja ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan, aka ba ta ɗakin da ke jikin kicin. Yara suka ce Gwaggo, kowa ya ɗauka, har ni da na ba ta shekara goma. Ƙafarta lamba talatin da tara ce, mai faɗin gaba, kuma duk takalmin da ya shigo gidan nan sai ya bi ta ƙafar kafin ya ga mai saye. Da safe za ta jiƙa safa mai kauri ta sa, ta tusa ƙafar a sabon takalmi, ko lamba talatin da bakwai ne, sannan a ɗaure shi da baƙar leda don kada ƙasansa ya goge. A haka za ta yi shara, ta yi wanke-wanke, ta hau bene ta sauko, ta shanya kaya. Kwana biyu, in fatar mai taurin kai ce kwana uku, takalmi ya gama cizonsa a jikinta ya yi laushi. Daga nan sai a turo mini. Ni nake goge cikinsa, in canza shimfiɗar, in shafa mai, in cusa takarda, in mayar da shi kwali kamar yanzu ya fito daga kamfani. To ka ji inda hannuna ya shiga.

Da farko dariya abin yake ba ni, ba zan ɓoye ba. Mace mai shekara arba'in da biyar, da tsohon zane da tsintsiya, a kan takalmi ruwan gwal da leda a ɗaure, tana tafe ƙwas, ƙaras, ƙwas, ƙaras. In ta fito zubar da shara nakan ce, yau wane minista za a tara ne, Gwaggo? Ita ma sai ta yi dariya ta ce ai ita ce ministar, shara take zagayen dubawa.

A jikin takalman na fara ganin abin, tun kafin in ga ƙafar. Duk wanda ya daɗe a sana'ar nan ya san takalmi yana ɗaukar hoton mai shi. Na dama ya fara zuwa mini da wani ɗan kumburi a gefen ciki, daidai gindin babban yatsa. Wata biyu, kumburin ya zama tulluwa da sai na danna ta da guduma kafin ta kwanta. Ranar da Gwaggo ta kawo mini buhun takalma da kanta, na ce ta zauna a benci ta nuna mini ƙafar. Ta yi ta noƙewa, daga baya ta kwance ledar, ta zare takalmin da hannu biyu tana cije leɓe.

Dariyata ta ƙare a nan. Babban yatsan ya karkace ya kwanta a kan na kusa da shi, ƙashin gindinsa ya turo waje kamar rabin ƙwai, ja wur, fatar wurin har ƙyalli take. Ta ce in ta cire takalmi ji take kamar an ɗora garwashi, kuma ko zanen rufa ba ta so ya taɓa wurin. Na gaya mata na ga irinsa da yawa, masu shi sukan kawo mini takalmi in tsaga musu gefe, kuma ban taɓa jin man da ya mayar da ƙashi mazauninsa ba. Na ce ta nemi takalmi mai faɗi, ta je likita ya gani. Ta ce to, za ta gaya wa Anti, haka take kiran Hajiya.

Ta gaya mata kuwa, a falo, ina ji. Hajiya ta ce a nuna mata. Da ta gani, sai na ji ta ce ashe shi ya sa! Wai kwanan nan masu saye suna ta yaba na dama, suna cewa daidai wurin da takalmi ya saba matse su, nan ne ya fi sakewa. Wallahi da murna ta faɗa. Ta ƙara da cewa kowa da baiwar da Allah ya yi masa, kuma da na hagun zai fito da irin wannan ƙullutun da an huta.

Kowa a gidan nan ya zama likita. Manaja ya duba daga nesa, hannu a aljihu, ya ce sanyi ne, ya sayo man zafi kwalba biyu, kuma ya ɗauki wata guda yana ba abokansa labarin yadda yake kula da ƙanwarsa. Babbar 'yarsu, wadda nake kira 'Yar Jami'a, ta gani a waya cewa in aka ɗaure manyan yatsun biyu da roba aka ja, ƙashin zai koma cikin sati ɗaya. Ta ɗauki hoton ƙafar, ta ɗaure, ta ja, Gwaggo ta yi ƙara, ita kuma ta ce alamar yana aiki ke nan. Kwana uku ta gaji ta koma wani abin. Hajiya kuwa nata maganin na baki ne. Ta ce zama ne yake kashe ƙafa, motsi shi ne lafiya. Ta ce akwai matan da har su mutu ba za su taɓa zura ƙafa a takalmi irin wannan ba, ga Gwaggo tana canza kala uku a sati, ko na gode babu.

Abin da ya kai ta asibiti ba ƙafar ba ce. Wata safiya tana saukowa daga bene da kwandon wanki, ƙafar ta ƙi ɗaukarta, ta gangaro, ta dafa ƙasa da hannu, wuyan hannun ya kumbura. Hannu kuwa shi ne wanke-wanke, shi ne girki, don haka kafin azahar 'Yar Jami'a ta kai ta ƙaramin asibitin da ke ƙarshen layi. Kafin su fita sai da Hajiya ta duba dunduniyar takalmin ta tabbatar bai karye ba.

Likitar wata matashiya ce. Gwaggo ta ba ni labarin a bencina da suka dawo. Ta ce hannun targaɗe ne kawai, aka naɗe shi, har sun miƙe sai likitar ta ce tsaya, mene ne wannan tafiyar? Ta sa ta cire silifas, ta tsaya a ƙasa ba takalmi, ta taka zuwa ƙofa ta dawo. Ta kama yatsan ta motsa shi sama da ƙasa, ta tambayi inda yake zafi da tun yaushe. Ta tura ta aka ɗauki hoton ƙashi tana tsaye, aka kuma ɗebi jini. Da hoton ya fito ta ɗaga shi a gaban fitila ta nuna mata yadda ƙashi ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma. Ta tambaya ko akwai mai irin ƙafar a dangi, Gwaggo ta ce mahaifiyarsu ta yi fama da shi. Likitar ta ce e, siffar ƙafar gado ce, amma takalmi mai matsi shi yake ingiza ta har ta kai haka. Ta ce daga yau ba tsini, ba tudu, sai mai faɗin gaba mai laushi. Ta ba ta wani ɗan roba na sawa tsakanin yatsu, da abin mannawa a kan ƙullutun, ta ce ta riƙa ɗora ƙanƙara in ya yi zafi. Sannan ta ce wannan ya wuce nata, tunda ciwon ba ya barin ta tafiya kuma yatsa na biyu ya fara ɗagawa, ƙwararren likitan ƙafa ya kamata ya gani, wataƙila a yi ƙaramin aiki a daidaita ƙashin. Ta rubuta takarda. Abu na ƙarshe da ta faɗa, har sau biyu, shi ne sukarin jininta ya hau, kuma mai sukari ba ya wasa da rauni a ƙafa. In fatar wurin ta fashe, kada a jira gobe.

Duk wannan 'Yar Jami'a tana wurin, da kunnuwanta biyu. Da suka shiga falo uwarta ta tambayi me aka ce, sai ta ce, wai gado ne, Mama. Shi ke nan. Bayanin rabin awa, kalma biyu suka iso gida. Hajiya ta sauke numfashi ta ce ai ta faɗa, abin da aka haife ka da shi ina ruwan takalmi. Gwaggo ta fara cewa likita ta kuma ce, sai Hajiya ta karɓi takardar ta jefa a jaka, ta ce ta bar mata wannan, tana da ƙawa da mijinta ya san babban likitan, da waya ɗaya za a gama. Ɗan robar tsakanin yatsun kuwa ta ce a ajiye shi tukuna, don in aka sa shi ƙafa ba za ta shiga takalmi ba.

A satin nan ne aikin ƙungiya ya faɗo. Hajiya tana cikin wata ƙungiyar matan manyan ma'aikata, za su yi liyafar cika shekara goma, suka ce duka iri ɗaya za su sa, fari mai tsini, ƙafa ashirin da huɗu, kuma daga wurinta. Saura sati goma. Ta kira Gwaggo ta zaunar da ita a kujera, abin da ban taɓa jin ta yi ba, ta ce wannan kaɗai, daga shi an gama, da kanta za ta kai ta wurin ƙwararren ranar da aka watse. Ta ce mutuncin gidan ne gaba ɗaya, kuma mutuncin gidan ai na Yayanta ne. Gwaggo ta ce to. Me za ta ce? Wanda ɗakinsa yake jikin kicin ɗin wani, to ɗinsa ba ta da wuyar fita.

Farin takalmin nan mugun abu ne. Fatarsa ta roba ce mai ƙyalli, ba ta san laushi ba, na gane tun da na taɓa ta. Sautin tsakar gidan ya canza. Ƙwas ɗin yana nan, amma tsakaninsa da na biyu sai ka ƙirga uku. Ta daina fitowa zubar da shara. Ta koma hawa bene da gwiwa in ba kowa. In na hango ta ta ƙofa, dafe take da bango, ta ɗage ƙafar dama, ta rufe ido, sannan ta ajiye ta a hankali ta ci gaba da abin da take yi.

A takalmi na tara jini ya fito. Hajiya da kanta ta kawo mini takalmin, a naɗe cikin gyale, ranta a ɓace. Ta buɗe ta nuna mini cikin na dama, ga tabo ja da ruwan ɗorawa ya kama shimfiɗar har ya taɓa gefe. Ta ce in duba sakaci, an ce ta riƙa ninka safa ba ta ji, yanzu wa zai sayi wannan? Ta tambaya ko zai fita.

Na ce zai fita. Na sunkuya na jawo ƙarfen buɗa takalmi daga ƙarƙashin benci, na ɗora a gabanta.

"Hajiya, ga wannan. Ki kawo sauran goma sha biyar ɗin duka, in buɗa miki su, ba sai kin ba ni komai ba. Ki kai baiwar Allah nan asibiti yau. Likita ta ce in ya fashe kada a jira."

Ta dubi ƙarfen, ta dube ni.

"Baba Shumeka, kai ma ka san ba ɗaya ba ne. Ƙarfe ba ya jin zafi. Ta yaya zai san inda takalmi yake cizo?"

Ban taɓa jin mutum ya faɗi gaskiyar kansa tsirara haka ba, kuma ko a jikinta. Ta gyara gyale ta ce tana son takalmin kafin la'asar.

Da yamma na tare Manaja yana shigar da mota. Na durƙusa daidai gilashi, na gaishe shi, na gaya masa abin da na gani da abin da likita ta ce. Ya saurara yana kaɗa kai irin na mutanen ofis. Ya ce ya gode ƙwarai, amma wannan harkar mata ce, shi ba ya shiga tsakaninsu, kuma Gwaggo ba yarinya ba ce, da abin ya dame ta da ta kawo masa ƙara. Ya ce shi ya ɗauko ta lokacin da dangin mijinta suka juya mata baya, ci da sha da sutura, akwai wanda ya taya shi? Na ce babu, ranka ya daɗe. Har ya fara ɗaga gilashi, sai ya sauke ya tambaye ni shekara nawa nake zaune a gindin katangar nan. Na ce goma sha ɗaya. Ya ce madalla, inuwar wurin tana da daɗi, ko? Na ce tana da daɗi. Na koma bencina na wanke jinin tas, na sa sabuwar shimfiɗa.

Daga nan kullum sai na wanke. Hajiya ta samo dabara, aka riƙa naɗe ƙafar da leda daga ciki kafin a sa safa, don kada tabo ya kama. Ka ji fa, rauni a cikin leda, a cikin jiƙaƙƙiyar safa, a cikin takalmin roba, daga safe har yamma. Takardar ƙwararren tana jaka. Mijin ƙawar ya yi tafiya, da ya dawo aka ce babban likitan ne ya yi tafiya, da shi ma ya dawo aka ce mota tana gareji. 'Yar Jami'a ta ce ita jarrabawa take yi. Manaja ya ƙaro man zafi.

A takalmi na goma sha tara Gwaggo ta leƙo ƙofa, ta rame, idanunta sun faɗa, ta ce mini in taya ta murna, ciwon ya yi sauƙi, yanzu ko zafin ba ta ji sosai. Ni ba likita ba ne, amma hancina yana aiki, kuma takalman da suke zuwa mini sai na shanya su a rana kwana biyu kafin warin ya fita. Na ce Gwaggo, don girman Allah ki hau abin hawa ki tafi da kanki. Ta ce saura biyar, kuma takardar tana wurin Anti.

An yi liyafa. Na ga hoton a wayar direban gidan, mata ashirin da huɗu a jere cikin farin takalmi, kowace tana murmushi, ba mai ɗingishi. Washegari Hajiya ta ce ta gaji, sai jibi. Jibin ne wata mai saye ta shigo falo ta toshe hanci ta tambaya ko ɓera ya mutu a bayan kujera. To, wannan ya taɓa kasuwa. Aka leƙa ɗakin jikin kicin, aka tarar da Gwaggo tana rawar ɗari, ƙafar ta kumbura har idon sawu, yatsan ya yi baƙi. Motar da take gareji ta warke nan take.

Direba ne ya ba ni sauran. Ya ce ƙwararren likitan wani dattijo ne mai magana a hankali. Ya kwance ƙafar, ya duba, ya karɓi takardar da Hajiya ta zaro daga jaka, ya karanta kwanan watan, ya ɗago ya tambaye su ina suka shiga sati goma. Ya ce da sun zo a lokacin, da wataƙila canjin takalmi da ƙaramin aiki sun isa, ta koma tana takawa da yatsunta cif. Yanzu ciwon ya shiga ƙashi. Manaja ya gyara murya ya ce ƙanwar tasa ce akwai zurfin ciki, ba ta faɗar abin da yake damunta. Likitan ya juya ya ce a shirya ɗakin tiyata. Aka cire babban yatsan da na kusa da shi, da wani yanki na ƙashin.

Kwana goma sha takwas ta yi a asibiti. Falon Hajiya ya cika da 'yan sannu, kuma Hajiya ce ake yi wa sannun. Na ji labarin ya kai sau talatin ta taga: yadda ta yi ta fama da ita ta je asibiti tana ƙi, yadda ta riƙe takardar a jakarta don kada ta ɓata, yadda likita da bakinsa ya ce gado ne. Matan suna cewa Allah ya saka, yanzu wa zai riƙe dangin miji haka. Wasunsu da takalmin da Gwaggo ta buɗa suka zo. Ɗaya ce kawai ta yi ƙorafi, ta ce wanda ta saya satin nan ya ɗan cije ta, ko an canza kamfani ne? Hajiya ta ce ta yi haƙuri, matsala ce ta ɗan lokaci.

Wata ɗaya da sallamo ta, da hantsi, Gwaggo ta fito ƙofa tana dogara sanda. Na share mata benci. Ta ce likita ya ce a yi mata takalmi mai faɗi mai taushi, a cike gurbin yatsun da soso don kada ƙafar ta riƙa zamewa, ko zan iya? Na ce ko ban iya ba zan koya. Na shimfiɗa kwali a ƙasa, ta ɗora ƙafar dama a naɗe, na zagaye ta da biro a hankali, ina kawar da kai daga wurin da babu komai. Na ce ta kawo ɗayar.

Ba ta motsa ba. Na sake cewa ta kawo ta hagun, ai takalmi biyu ake yi. Sai ta ja zanen sama kaɗan. Baƙar leda ce a ɗaure, a cikinta jan takalmi mai tsini, sabo fil.

"Anti ta ce likita bai ce komai a kan ta hagu ba," in ji ta. "Kuma a zaune nake yi yanzu. Tsayuwar ba yawa."

Na kwance ledar. Gefen takalmin daidai gindin babban yatsa ya fara tasowa, ɗan kaɗan, yadda na dama ya fara. Ban san lokacin da na ɗauki wuƙa ba. Na kama takalmin a ƙafarta, na tsaga shi daga gefe har baki, fatar ta buɗe, yatsun suka baje a cikin jiƙaƙƙiyar safa. Shekara goma sha ɗaya ban yi aikin da ya yi mini daɗi kamarsa ba, na ɗago ina jiran ta ce wani abu.

Ba ta dubi ƙafar ba, takalmin take kallo. Ta waiga ta dubi ƙofar gidan, ta ɗaga kai ta dubi tagar, sannan ta yi ƙasa da murya.

"Baba, ina kake so in je da ƙafa ɗaya da rabi? Gidanka?"

Ɗaki ɗaya gare ni, mu shida.

"To ɗinke shi," ta ce. "Yadda ba za ta gane ba."

Na zare takalmin, na zaɓi jan zare mafi siriri, na ɗinke daga ciki, na bi da gam, na goge da mai. Ko ni da na yi sai na kai shi kusa da ido nake ganin layin. An sha yaba mini a sana'ar nan, amma ban taɓa ɗinki mai kyan wannan ba. Ta karɓa ta tusa ƙafar, na ɗaure mata ledar da hannuna, ta dafa sanda ta miƙe. Daga falo Hajiya tana kira, wai baƙi sun zo a kawo ruwa.